Talatin da Ɗaya

Ranar Talata, yayyafin Sheffield ya ƙi ɗaukewa,
na tuɓe takalmi na hau sikeli.
Nas Moira ta sauke sandar awo bisa kaina.
Tsawo: yadda Allah ya bar ni.
Nauyi: casa'in da biyar.
Ta buga, ta raba, kwamfuta ta haifo lamba,
talatin da ɗaya.
Ta nuna mini allo mai kore da rawaya da ja,
ta ce, "Tanimu, har yanzu kana gidan masu ƙiba,
sai dai ka iso bakin ƙofa."

Bakin ƙofa!
Wata goma sha huɗu ke nan da tiyata,
da suka rage mini tumbi ya dawo kamar ayaba.
A da, arba'in da bakwai nake.
Buhun shinkafa guda, ba kilo ɗaya,
shi na sauke a tsakanin nan da can,
amma lambar ta dube ni shekeke
kamar mai bin bashin da aka biya rabi.

Ba na zaginta.
Ita ta buɗe mini ƙofar likita tun farko,
ita ta yi mini shaida lokacin da bakina ya gaji da bayani.
Mudu ce, kuma mudu ba ya ƙarya.
Illa dai mudu bai san tsaba da tsakuwa ba.

Ba ta san fatar da ke reto a damtsena ba,
wadda nake naɗewa cikin singileti kowace asuba
kafin in hau bas ɗin da nake tuƙawa.
Fatar nan ma an auna ta, an ce ƙiba ce.
Ba ta san naman cinyar da ya zube tare da kitse ba,
ko gashin da na riƙa tsincewa a matashi,
ko sanyin da ke shiga ƙashina yanzu
tun da bargon da na haifa wa kaina ya tafi.

Ba ta zauna da mu ran Sallah ba,
Lantana ta tuƙa tuwo, ta kaɗa kuka da man shanu,
na yi loma uku na janye hannu,
ta juya baya tana wanke tukunyar da ba ta yi datti ba.

Kuma ba ta nan a daren da na ture kujerar salla gefe.
Shekara tara goshina bai taɓa ƙasa ba.
Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara amma ta amsa,
na ji ƙanshin darduma,
na daɗe a wurin har Zinatu ta leƙo ta ce, "Baba, lafiya?"
Wace lamba ce ke da gurbin wannan?

Moira ba wawuya ba ce.
Ta ajiye allon, ta zaro tef daga aljihu
irin na teloli, ta zagaye ƙuguna.
Ta duba takardar jini.
Suga ya kwanta. Hawan jini ya sauko.
Ƙarfen jini kuwa ya yi ƙasa, sai an ƙara magani.
Ta ce in matse wani abu mai kama da filaya
don ta ga ƙarfin hannuna,
ta tambayi barcina, da matakala nawa nake hawa ban tsaya ba.
Na ce, "Har hawa na huɗu."
Ta rubuta wannan ma,
ƙasa da talatin da ɗaya, da alƙalami guda.

Da na fito, bas na tsaye a gindin tudu,
abokin aikina Desmond ya danna mini oda.
Na ɗaga masa hannu ya wuce.
Na ja wandona da ya sake yi mini yawa,
na kama hawan tudun da ƙafa,
takardar tana jiƙewa a aljihu.